Tarin da ke Cikin Waƙar Goggo Hansatu

Ina wanke wake da hantsin Talata Rabi ta kira ni, ta ce kakarta Goggo Hansatu mai kiɗan ƙwarya ta cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe zaune, hannuna cikin ruwa.

Tun ina amarya nake yi mata amshi. Mu shida ne, kuma daga Ƙofar Wambai har Tirwun da wuya a sami unguwar da ba mu kifa ƙwarya a ruwa ba. Goggo ba ta wasa da ciniki. Sai an yanke kuɗi, har da na mota, sannan ta ɗaura ɗankwali. In aka ce ta cika son kuɗi, takan ce, "Telan amarya kyauta ya yi ɗinkin? To ni maƙogwarona ne kekena." In an tashi kuwa, a gabanmu take zazzage liƙi a faifai ta raba. Wadda jego ko ciwo ya hana zuwa, kasonta na nan.

Ni ce na cuce ta. A wani suna a Inkil na ɗauki waƙoƙinta a waya don in riƙa bita. Ɗan yayata, mai tura wa mutane waƙoƙi a kasuwa, ya roƙa, na ba shi. Ban kawo komai a raina ba. Kafin shekara ta zagayo, masu biki sun gane cewa yaro ɗaya da sifika ya fi mata shida arha, tunda ga muryar Goggo a ciki. Kira ya ja baya. Biyu daga cikinmu suka koma tuyar awara.

Wata rana muka je biki a matsayin 'yan gayya kawai. Mai sifika ya saki muryarta, mata suka yi ta yi masa liƙi, ita tana kan tabarma da robar shinkafa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanyar gida na faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "Ai na sani, Asabe. Wa ke tari kusa da wayar in ba ke ba?"

Ashe tun farko ta gane, kuma ko sau ɗaya ba ta rage mini kaso ba. Na ce ta yafe mini. Sai ta ce, "Ranar Asabar akwai suna, ki fito da wuri." Shekara biyu ina dakon kalmar yafiyar nan, ban ji ta ba.

A zaman makoki wayar wata baƙuwa ta yi ƙara. Muryar Goggo ce, sai ga tarina. Na fashe da kuka. Rabi ta dafa ni ta ce, "Inna Asabe, ana gobe za ta rasu ta ce ta yafe wa kowa. Ta ce in gaya miki, har da mai tari."

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya yafe miki kamar yadda kika yafe, ya haskaka kabarinki. Rabi da ƙannenta, da mu da muka ci abinci da muryarki, Allah ya ba mu haƙuri, ya rufa mana asiri.