Sabar da Aka Goge Saboda Baƙi

Akwai wata Laraba a Argungu da ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku gyara zama ku ji.

Lokacin ni ne jami'in kwamfuta na wata ƙungiyar manoman shinkafa. Babban ofis yana Birnin Kebbi, inda nake zaune da iyalina, reshe kuma yana Argungu, can aka tura ni. Sama da ni akwai manajan reshe, sama da shi akwai sakatare a babban ofis. Kwamfutoci biyar na tarar, tsofaffi tukuf, in ka kunna ɗaya sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Na sauke duk tarkacen da ke kansu na ɗora musu Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Na zaɓi mara nauyi, na cire duk wani ƙyale-ƙyale. Ba hoto, ba furanni, baƙin allo ne kawai da wurin rubutu da wurin ajiya. Sai ga tsofaffin nan suna gudu ba kama hannun yaro.

Ta shida wata laftof ce mai mataccen allo. Ita na mayar saba, wato uwar ajiya, duk abin da aka rubuta a sauran biyar ɗin cikinta yake sauka. Na rufe ta, na ɗora kan kabad, na manna mata takarda: KADA A TAƁA.

Abu mafi daraja a cikinta aikin Malam Haruna ne, tsohon malamin gonarmu. Tun yana saurayi yake bin fadamun Rima, daga Argungu har Augie, yana rubuta irin shinkafar gargajiya: sunanta, wanda ya ba shi, wadda ke jure ambaliya, wadda ke nuna da wuri. Gara ta faɗa wa littattafan, shi ya sa Madam Rifkatu, mai buga mana takardu, 'yar Filato, ta kwashe damina biyu tana shigar da su kwamfuta. Shi ke karanta mata, don rabin rubutun ajami ne, sauran rabin kuma shi kaɗai ke gane shi. Kafin a gama littattafan sun zama gari, aka share aka zubar. Malam ya yi ritaya hankalinsa kwance.

A gidana kuma ina da wata 'yar saba da na haɗa da tsohon inji da batirin sola. Duk Juma'a ta ofis kan tura mata kwafin komai ta intanet, don in ɗaya ta mutu ɗaya na nan.

Sai aka kawo mana sabon manaja. Ba zan faɗi sunansa ba, Allah ya san shi. Sati bai yi ba ya kira ni.

"Wato sirrin ofis gidanka shi ka kwana?"

Na ce, "Yallabai, ba sirri ba ne, sunayen shinkafa ne. Laftof ɗin can tsohuwa ce, in ta mutu fa?"

Ya ce shi dai bai yarda ba. Washegari ya ba ni umarni a rubuce cewa in goge kwafin da ke gidana. A ƙa'idar ofis, umarnin da aka rubuta aka sa wa hannu ba a jayayya da shi, sai ka bi sannan ka kai ƙorafi sama. Na goge. Na rubuta takardar neman a sayo faifan ajiya, ta kwanta a tirensa har ta yi ƙura.

A nan zan faɗi laifina, don ba ni da niyyar wanke kaina. Akwai filashi a aljihuna, ɗan ƙaramin ma'ajin nan, da zai ɗauke aikin Malam gaba ɗaya, in jefa a durowar ofis, ba wanda zai ce na karya doka. Ban yi ba. Fushi nake, na ce a raina, bari su gani.

Ran nan aka ce baƙi za su zo ranar Alhamis, daga cikin masu tallafa wa ƙungiya. Ranar Talata manaja ya zagaya ofis, ya tsaya gaban kwamfutar Madam ya yamutsa fuska.

"Mi na na? Kwamfuta ba ko hoto? Baƙi su zo su ce ba mu da komi?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce ya ji. Da safiyar Laraba sai ya ba ni wasiƙa in kai babban ofis, wasiƙar da direba zai iya kaiwa. Ban kawo komai a raina ba, na hau mota.

Ina gaban sakatare wayata ta yi ƙara. Madam ce. "Injiniya, ka dawo yanzu-yanzu! Oga ya kawo mai gyara daga kasuwa, sun gama da biyar, ga shi ya sauko da ta kan kabad!"

Wallahi ban san yadda na kai tasha ba. Kafin in iso Argungu aikin gama ya gama. Madam ta ba ni labari cewa ta tsaya gaban kabad ta shimfiɗa hannuwa, manaja ya ce mata, "Madam, aikinki buga takarda." Shi kuwa mai gyaran ya jona laftof ɗin da wani allo, ya ga baƙi da fararen rubutu suna gudu, ya yanke hukuncin cewa ta lalace. Ya goge ta tas, ya ɗora irin manhajar da ya saba, har da hoton korayen tsaunuka. Takardar KADA A TAƁA kuwa na tsince ta a ƙasa, da sawun takalmi a kai.

Na shiga ofishin manaja ko sallama ban yi ba. "Yallabai, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na gyara ofis," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba.

Abin da na faɗa masa bayan nan ya jawo mini takardar tuhuma kan rashin ladabi, kuma ban yi nadama ba. Baƙi suka zo ranar Alhamis, ko kallon allunan ba su yi ba. Tambayarsu ta farko ita ce, ina bayanan irin shinkafar da suka ji labari? Nan manaja ya juyo yana kallona, wai ni zan ba da amsa. Haba!

Kwana uku na yi ina tonon faifan laftof ɗin da manhajojin ceto. Abin da na samo bai kai rabi ba, shi ma guntu-guntu, wani shafin ba kai, wani ba ƙafa. Na buga su a takarda, ni da Madam muka ɗauka zuwa gidan Malam Haruna, don ba na son ya ji a bakin wani.

Muka same shi a zaure, idanunsa sun yi rauni sosai. Na faɗa masa komai, har da zancen filashin. Ya yi salati. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, "Ɗana, akwai wata shinkafa 'yar ja da wani tsoho ya ba ni bayan Augie. Ruwa na shanye ta kwana da kwanaki ta tashi. Tsohon ya rasu, ni ɗai na rubuta inda aka samun ta. Duba mini ko tana ciki."

Muka bi shafi-shafi ni da Madam, har sau biyu. Ba ta ciki.

Na ce, "Baba, mene ne sunanta? Sai mu bi ƙauyukan mu tambaya."

Ya daɗe yana murza goshi, leɓunansa na motsi. Sannan ya ce, "Ya ɓace mini. Ai don kar in riƙe ga kai na rubuta."

Madam ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Abin da na koya ke nan. A aikin nan za ku haɗu da manyan da hoton kan allo ya fi musu abin da ke cikin inji, kuma za su ɓata muku rai, wannan ba makawa. Ku yi gardama, ku rubuta ƙorafi, ku karɓi tuhuma in ta kama. Amma kada fushin oga ya sa ku saki amanar da ke hannunku. Na ce bari su gani, manaja kuwa bai ga komai ba, ƙarin girma ma ya samu daga baya. Malam Haruna ne ya gani, shi da bai yi mini laifin komai ba.