Ranar Da Inna Ta Hau Layipo

Mahaifiyata ta fi kowa a Sabo, unguwarmu ta Hausawa, iya kwatanta wuraren kallo na Ibadan, kuma har ta tsufa ba ta taɓa zuwa ko ɗaya ba.

Babana mai masauki ne. Fataken da ke kawo albasa kasuwar Bodija daga Arewa a gidanmu suke sauka, su kwana a ɗakunan waje har kayansu su ƙare. Idan ciniki ya yi kyau, kafin su nufi tashar Ojoo su hau mota, sukan ware yini guda su ga gari, don su samu abin cika baki da shi a gida. Inna ce mai dafa musu abinci, amma ba ta fitowa gabansu. Madafarta katanga ɗaya ce da zaure, saboda haka duk hirar da suka dawo da ita a kunnenta take sauka. Tana tuƙa tuwo tana tattarawa, har ta zama ita ake tambaya. Baba zai leƙo ya ce sababbin baƙi na son yawo, sai ta ce a fara da babban ɗakin taro na Mapo da safe kafin rana ta yi zafi, a gidan dabbobi na jami'a kada a miƙa wa biri hannu, a gindin dogon benen Gidan Koko kuma mutum ya dafe hularsa kafin ya ɗaga kai. Layipo kuwa a bar shi ƙarshe. Doguwar hasumiya ce a kan dutse, matakalarta a murɗe, in ka kai sama garin duka yana ƙarƙashinka.

Ta sha roƙon Baba ya bar ta ta je. Ba ta fita sai asibiti, ko suna, ko gaisuwar mutuwa, kuma duk da izininsa. Abin da ke ba ni haushi har gobe shi ne bai taɓa cewa a'a ba. “Za a je,” shi ke nan. Za a je bayan Sallah, za a je in ruwa ya ɗauke, za a je in baƙi sun ragu. Baƙin gidanmu kuwa ba sa raguwa. A haka aka haife ni, na girma, na yi aure a bayan layinmu, ana nan ana za a je.

Sai idon Inna ya fara rauni. Takan bugi gefen ƙofa da kafaɗa, ta ce ƙofar ce aka yi ta a matse. Maƙwabciya ta shigo ta tsaya a gefenta, ba za ta sani ba sai ta yi magana. Na kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma raguwa yake yi, magani sai dai ya ja masa rai. Muka hau keke muka kamo hanyar gida. Sai da muka shigo Sabo ta ce, “To a kai ni Layipo tun ina gani.”

Wannan karon Baba ya yarda nan take, don jikinsa ya yi sanyi. Amma shi mutum ne mai son a yi abu da mutunci. Ya ce matarsa ba za ta shiga tasi ana matse ta da maza ba kamar marar gata, za a jira motar amininsa. Aminin kuwa yana Arewa wajen sayen kaya. Ya kuma sayo mata leshi ya kai ɗinki, wai fitarta ta farko ba za ta yi ta da tsohon zani ba.

Na ce, “Baba, idon nan fa ba zai jira mota ba. Ni zan kai ta gobe.”

Ya ce, “Ku yaran Sabo kun cika rawar kai. Dutsen gudu zai yi?”

Inna ma ta goyi bayansa, ta ce in daina yi wa mahaifina tsiwa. Kuma a gida ba ta kuskuren komai. Ta san inda gishiri yake, ta san inda ludayi yake, tuwonta bai taɓa yin gudaji ba. Mun ɗauka idon yana nan, ashe hannunta ne ya haddace gidan. Aminin ya dawo, motar ta shiga garejin makanike. Tela ya yi ta yi mana gobe. Damina ta zo ta wuce.

Ranar da komai ya haɗu, motocin albasa suka iso da sassafe, Baba ya ce mu tafi, shi ba zai bar baƙi ba. Muka tafi ni da ita da direba. Ta sha leshinta, ta yi kyau ƙwarai. Mai gadin wurin, wani dattijon Bayarabe, ya ga furfurarta ya ce, “E rora, Mama,” wato ta bi a hankali. Ta kama ƙarfen matakala tana hawa tana haki, ina bayanta, ta ƙi yarda mu huta.

Da muka fito sama iska ta bugi mayafinta. Ta tsaya ta ce, “Masha Allah! Ga Mapo can da ginshiƙansa. Ga Gidan Koko, ya fi kowa tsayi.”

Na bi yatsanta da kallo. Itatuwan bayan dutsen take nunawa. Mapo yana can bayanta.

Na kama kafaɗunta na juyo da ita. “Inna, ga shi ta nan.”

Ta ɗaga fuska, amma idonta bai sauka kan komai ba.

Na ce, “Me kike gani?”

“Haske,” in ji ta. “Fari kawai, kamar an shanya zani a fuskata.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin a kawo ɗinkin.”

“Shi ne ba ki faɗa ba?”

“Babanki ya riga ya sayi leshi, ya roƙi mota. In ce masa me?”

Na fashe da kuka. Baƙin ciki nake ji, da haushin Baba, da haushinta ita ma da ta rufa masa asiri. Ta ce, “Ke, kukan me? Mun hawo a banza ke nan? Gaya mini abin da ke nan.” Na share hawaye na fara. Na ce rufin kwano ne ja-ja da tsatsa har iya ganin ido, ga hasumiyoyin masallatai, ga motoci kamar kiyashi, ga hayaƙi yana tashi can wajen kasuwa. Ta ce in nuna mata Sabo. Na ɗaga hannunta na saita shi. Ta daɗe a haka, hannunta a miƙe, fuskarta na fuskantar unguwar da ta yi rabin rayuwarta tana girki a cikinta. Daga nan ta ce mu sauka, la'asar ta kusa.

Muna isa gida Baba ya baro baƙinsa ya biyo mu tsakar gida, har da saurinsa.

“Yaya, kin ga garin?”

“Na gani, Alhaji. Gari ne babba. Allah ya saka da alheri.”

Na buɗe baki zan yi magana, ta matse mini wuyan hannu har sai da na ji a ƙashi. Baba ya yi ajiyar zuciya, ya shafa fuskarsa ya ce, “Alhamdu lillahi da ba mu makara ba.” Ya juya ya koma wajen baƙinsa yana fara'a.

Ba ta sake ni ba sai da takunsa ya yi nisa. Sannan ta ce a hankali, “Idan kika gaya masa ban yafe ba. Mutum ɗaya ya isa ya yi wannan rashin.”