Anti Sifiri da Layin Tagar Kati

A hawan ƙarƙashin ƙasa na wani asibiti, bayan ɗakin wanki, akwai wani ɗaki mara taga mai sanyi kamar cikin firji. A nan Anti Sifiri take aiki, sanye da rigar sanyi ruwan toka ko da rana na gasa mutane a waje. Ita ce mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da katin kowane majiyyaci da sakamakon gwajinsa da magungunan da aka rubuta masa.

Ba da kwamfuta ta fara ba. Tana 'yar shekara ashirin da biyu aka ɗauke ta buga takardu da tafireta, daga baya aka mayar da ita tagar kati, ta yi shekara tara tana laluben fayil. Da aka kawo kwamfutoci abokan aikinta suka ja da baya, ita kuwa ta jawo kujera ta liƙe wa injiniyan da ya zo haɗawa, tana jero masa tambayoyi, har ya zama in ya hango ta sai ya kara waya a kunne kamar ana kiransa. Sau uku aka tura ta kwas. Ranar da injiniyan ya gama aikinsa, a hannunta ya bar makullin ɗakin.

Laƙabin nata daga aikin ya samo asali. Sabar tana da wani ɗan littafi a ƙwaƙwalwarta inda take rubuta aikin kanta: wace irin tambaya aka yi mata, sau nawa, kuma tsawon wane lokaci ta ɗauka kafin ta amsa. Amma wurin da aka ware wa littafin ƙayyadadde ne. In ya cika, bayanan majiyyata ba sa taɓuwa, sai dai ta daina rubuta sabon abu a littafin, ta koma ƙirga abin da ya wuce ta ba ta rubuta ba. Layukan wannan ƙirge sun kai talatin, kuma kowanne sifiri ya kamata ya nuna. Kullum da safe, tun kafin ta sauke jaka, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sannan ta ɗaga waya ta ce wa 'yan tagar kati, "Sifiri ne, ku kama aiki."

Mijinta tela ne, mai yawan tsokana. Yakan ce, "Ke kaɗai na sani da ke kawo sifiri gida tana murna. Da yaran nan ne suka kawo shi daga makaranta, da kin tayar mana da unguwa."

"Malam, yi ɗinkinka," take ce masa, tana dariya. "Nawa sifirin na lafiya ne."

Wata shekara babbar 'yarta ta haihu, Anti ta ɗauki hutun mako uku ta tafi ta zauna da ita. Ranar da ta dawo, tun daga bakin get ta ga abin da ba ta saba gani ba. Layin tagar kati ya fito har wajen ajiye motoci, mata na fifita da takardu, ma'aikata sun zuba wa kwamfutocinsu ido suna jiran sunan mutum ɗaya ya fito. Ta sauka ɗakinta da sauri. Layuka ashirin da tara sifiri. Na talatin ɗin ya nuna dubu arba'in da ɗaya da 'yan kai.

Ba ta gama zama ba shugaban asibiti ya aiko kiranta. Ya tura mata takardu a kan tebur.

"Anti, kwana goma ke nan muna cikin wannan hali. An fitar mini da rahoton sabar, ya ce komai lafiya. To ina matsalar take?"

"Ranka ya daɗe, rahoton bai yi ƙarya ba, amma ba duka ya gani ba. Me aka ƙara bayan tafiyata?"

"Sabuwar manhajar ɗakin magani."

"Shi ke nan. Littafin ya cika bayan tafiyata, tun kafin manhajar ta zo, don haka duk abin da take tambaya ba a rubuta shi. Sau dubu arba'in da ɗaya sabar ta ce abu ya wuce ta, ba wanda ya leƙa."

Ta nemi izinin ƙara wa littafin wuri, abin da ba ya yiwuwa sai an kashe sabar an sake kunnawa. Shugaba ba ya son jin kalmar kashewa a asibiti. Ta yi masa alkawarin minti goma, ranar Asabar bayan azahar, in an sallami masu ganin likita. Ta bi sashen gaggawa da kanta ta raba musu katin takarda, ko wani zai zo a tsakani. Minti bakwai abin ya ɗauka. Kafin nan ta auna ƙwaƙwalwar sabar sau biyu, don kada garin faɗaɗa littafi ta matse wa ainihin aikin wuri.

Litinin da safe ta zauna da kofin shayi tana kallon abin da sabar ke rubutawa a littafin. Ƙarfe goma bai yi ba mai laifi ya hau saman jeri: tambaya guda daga ɗakin magani, kowace tana cin daƙiƙa goma sha ɗaya, an yi ta sau ɗari biyu da wani abu. Duk lokacin da aka yi ta, sai kowa a asibitin ya tsaya jira.

Ta hau sama. Mai ba da maganin dattijo ne da kowa ke kira Baba, ya girme ta a aiki da shekara goma. Ta gaishe shi, ta tsaya bayansa kamar mai hira. Wata mata ta miƙo takarda. Baba bai rubuta komai a akwatin neman suna ba, ya danna nema kawai. Sabar ta yi ta nishi har ta kwaso masa sunan duk wanda ya taɓa yankar kati tun buɗe asibitin, shi kuma ya gyara tabarau ya shiga gangarawa a hankali.

"Baba, me ya sa ba ka rubuta sunanta ba?"

"A'a, 'yata, ai haka ya fi. Ga su nan duka. Kin ga wannan? Ni na ba uwarsa magani tana da cikinsa."

Anti ta dafe kanta ta yi ta dariya har da hawaye. Da ta yi masa bayani, Baba ya cire tabarau ya leƙa ta taga ya ga layin.

"Duk waɗannan ni suke jira? Innalillahi! Ni da nake ta zagin na'urar nan a raina!"

Ta koya masa rubuta haruffa uku na farkon suna. Sunan matar ya fito kafin ya ɗaga yatsa, har ya ɗan zabura. Da rana ta kira masu manhajar, suka gyara ta yadda in an bar akwatin fayau, majiyyatan ranar kaɗai za ta nuna. Washegari ƙarfe sha ɗaya benci ya yi fili a tagar kati, ma'aikata suka sauko ɗakin sanyin gaba ɗayansu suna tafi, ɗaya ma ta yi guɗa har masu wanki suka leƙo.

Shugaba ya so ya mayar da ita ofis mai taga a hawa na biyu. Ta yi godiya ta ce ita kusa da sabarta ta fi jin daɗi, amma in da hali a canza mata kujera, wannan ta karye tun bara. Aka kawo mata sabuwa mai juyawa.

Baba kuwa bai ɓoye labarin ba. Shi ya riƙa bayar da shi da bakinsa a ɗakin cin abinci, kullum yana ƙara masa gishiri, har layin ya kai bakin titi, kwana goman suka zama wata guda. In sabon ma'aikaci ya zo ɗakin magani, shi ke zaunar da shi ya ce, "Haruffa uku, ɗana. Kada ka yi irin tawa."