Kalmar da Kawu Ya Zagaye da Jan Biro

Jiya ina neman wata takarda a akwati, sai na ci karo da jagorar da na rubuta wa masu fara koyon haɗa manhajar kwamfuta. Kowane shafi da jan biron Kawu. Na zauna riƙe da ita har aka kira la'asar. Ban yi kuka ba. Ko ranar da muka kai shi makwancinsa a Safana ban yi ba.

Kawu tsohon malamin firamare ne, bai taɓa kunna kwamfuta ba, shi ya sa na kai masa rubutun. Na same shi a gindin bishiyar bedi yana ɓarar gyaɗa, tabaraunsa ɗaure da zare. Ya karanta layin farko: "Kawai ka buɗe allon umarni."

Ya ce, "Ɗan nan, ina allon yake?"

Na ce, "Kawu, ai kowa ya sani."

Ya zagaye "kawai" da biro, ya ce, "Wanda ya saba zuwa Wagini shi ke cewa nan kusa ne. Baƙo in ya ɓata, ba mai kwatance zai zarga ba. Kansa zai ɗauka daƙiƙi, ya koma gida."

Haka ya bi shafi-shafi yana zagaye ta. Na ce zan gyara in kawo masa bayan damina. Damina ta wuce ban gyara ba.

Yau tun safe nake goge kalmar, ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya kai ka Aljanna ba tare da ka tambayi kowa hanya ba.