Yaya Sidi da Motsin Ƙasar da Ba Mu Ji

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sidi, kuma har yau in rediyo ta ce ƙasa ta girgiza a wani wuri, shi nake fara tunawa.

Aikinsa ya sha ba mutanen gidanmu dariya. Agadas da ba mu san girgiza ba, nan mutum zai dawo bayan karatu a waje ya ce ita yake bincike? Inna takan ce ya koyo maganin ciwon da ba mu da shi. Shi kuwa ya ce shirun duwatsun Ayar ne ya dawo da shi, don inda babu hayaniyar teku, na'ura tana jin motsin da ya taso daga ƙasashe masu nisa.

Sau ɗaya na bi shi wajen Iferwan, inda ya binne na'urarsa cikin dutse. Da muka dawo ya buɗe ordinata, wato kwamfuta, ya nuna mini layuka masu karkarwa. Ban ga komai ba. Ya yi ta tace su, yana cire motsin iska da na manyan motocin kamyo, yana gwama su da na wasu tashoshi, har ya fitar da inda tsagar ƙasar ta soma da inda ta nufa. Ya ce babbar girgiza daga wuri ɗaya take farawa ta yi ta gudu, wata ta tsaya kusa, wata ta zarce ta rushe garuruwa.

"Mariyama," in ji shi, "so nake in san ko tun farkon motsin ana iya gane wadda za ta zarce."

Bai kai ga amsa ba. Ciwon hanta ya kwantar da shi, damina ɗaya Allah ya karɓi abinsa. Daga baya abokan aikinsa suka je suka ɗauke na'urar.

Yanzu na ji a wasu ƙasashe salula kan yi ƙara kafin girgiza ta iso. Na san da yana raye zai yi murna, sannan ya tambaya wa zai gaya wa wanda ba shi da salula.

Ɗiyarsa Zainabu, da ya bari tana rarrafe, ta tambaye ni kwanan baya aikin babanta. Na faɗa mata iya abin da na riƙe. Ta ce, "To Gwaggo, me ke tsayar da girgizar?"

Ban sani ba. Na zauna ina kallonta, ina jin da ma yana nan ya amsa mata da bakinsa. Allah ya jiƙan Yaya.