Kawu Halliru da Kwabbansa Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Halliru Sanyinna, ƙanen mahaifiyata, a gidansa da ke Tambuwal, bayan 'yar gajeriyar jinya. An kai shi makwancinsa bayan Azahar.

Kawu, mutanen Tambuwal da Kebbe sun san ka malamin lissafi, mai shiga aji da karta da ɗan lido a aljihu. Har ƙararka iyaye suka kai, wai kana koya wa yara caca. Ka ce musu yaron da ya san cewa shida kan fito sau ɗaya cikin shida, shida biyu a jere kuwa ɗaya cikin talatin da shida, ba zai kai kuɗin ubansa wurin 'yan caca ba. Daga ranar aka laƙaba maka Malam Mai Lido, kai kuwa kana amsawa da fara'arka.

Ni ba a aji na san darajarka ba. A zaurenka na san ta, ranar da ka raba ni da wanda nake so.

An sa mana rana da Nasiruddeen, wani malamin gona ɗan Kebbe, sai gwajin jini ya nuna kowannenmu yana ɗauke da rabin ƙwayar sikila. Likita ya ce yiwuwar mu haifi mai ciwon ɗaya cikin huɗu ne. Dangi suka yi nasu lissafin: in an haifi huɗu, ɗaya ne zai yi ciwon, uku su tsira, wa ke fasa aure don wannan? Ni ma haka na so in ji, don raina yana kansa ƙwarai.

Ka aika a kira mu. Ka fito da tsofaffin kwabbai biyu, kowanne ka shafa wa fuska ɗaya jan fenti. Ka miƙa mini ɗaya, ka miƙa masa ɗaya, ka ce kowace jefawa haihuwa ce, in ja da ja suka haɗu, yaron ya zo da ciwon. Muka jefa tare, suka faɗi ja da ja. Nasiruddeen ya yi dariyar yaƙe, ya ce to an fitar da mugun, saura uku masu lafiya. Ka ce mu ci gaba. A jefawa ta uku ja da ja suka sake kwantawa a kan tabarma.

"Kwabo bai san abin da yay yi ɗazu ba," in ji ka. "Ɗiyata, ba ni hana ki. Allah ka yi, ba kwabo ba. Amma ni ma wanga lissahi na dangi niy yi, da ni da Asiya."

Inna Asiya matarka ce, kuma kowa a gida ya san kun binne 'ya'yanku biyu na fari, Zahara'u da Atiku, tun ban yi wayo ba. Ban taɓa jin ka ambace su ba sai ranar. Ka gaya mana yadda bayan Zahara'u ta zo da ciwon ka kwantar wa Inna Asiya hankali cewa na bayanta sun tsira, sai ga Atiku. Ka faɗi yadda kake goya shi a babur zuwa asibiti yana ihun ƙasusuwansa, kana jin kowane rami na hanya a jikinka. 

Na fasa auren. Na sha kuka har na gode Allah, kai ma ka sha gori, ana cewa boko ya ci maka tawakkali. Nasiruddeen ya yi rantsuwa ba zai ƙara gaishe ka ba. Ba ka rama wa kowa ba, sai dai kullum Juma'a ka biyo gidanmu da rake, ka zauna ka ja ni da hira kamar ba abin da ya faru.

Da Allah Ya kawo mini Sirajo, kai ka raka mu gwajin jini, sakamako ya yi kyau. 'Yarmu ta fari na sa mata Zahara'u. Ranar suna ka karɓe ta, ka daɗe kana kallon tafin ƙafarta, sannan ka miƙo mini ita.

Kawu, ina so ka san abu ɗaya. Sirajo ya gaya mini cewa a cikin waɗanda suka ɗauki makararka akwai Nasiruddeen. Daga Kebbe ya taho a babur, da 'ya'yansa maza biyu a baya, lafiyayyu, ya tsai da su a sahu suka yi maka salla.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada ka da Zahara'u da Atiku inda babu ciwo. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Asiya da 'ya'yanka da suka rage, da mahaifiyata, da ɗalibanka na Tambuwal da Kebbe. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Bashira Sirajo, Tambuwal