Kwalbar man da na toshe wa ƙanwata

Jiya a garin Zakka ina taya ƙanwata Hinde goge kwanukan jerenta, sai ga kwalbar nan a cikin kwalla. Shekara kusan hamsin ke nan, amma ina ganinta raina ya sosu.

Zamanin da kuɗin fetur suka fara shigowa, kawunmu ya dawo garinmu Karare daga Ikko da tsaraba biyu: ƙaton gwangwanin basilin da wata 'yar kwalbar man shafawa. A gidanmu babba ke fara zaɓe, ni kuwa na bi girma na ɗauki gwangwani.

Ashe 'yar kwalbar famfo gare ta a ka. Dannawa kawai ake yi, mai ya zubo a tafin hannu. Ranar Sallah 'yan matan unguwa suka yi layi gaban Hinde tana danna musu. Ni da gwangwanina ko kallo ban samu ba.

Rannan ta tafi rijiya, na narka man shanu na ɗura a cikin kwalbar. Ya daskare, famfon bai ƙara motsi ba.

Jiya na daure na ce, "Hinde, ni na toshe miki ita."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Kwana uku kika yi kina ƙarnin man shanu."

"Kuma kika yi shiru?"

"Kwalba ce. Yaya kuwa ɗaya gare ni."

Wallahi sai na ji ƙyashin ya dawo sabo. Ta fi ni kwalba, ta kuma fi ni hali.

Masu ƙanne, haka naku suke, ko ni kaɗai aka haɗa da irin wannan?